Lambar da Lyndon Noske Ya Ƙi Canzawa

Lyndon Noske mutumin Loxton ne, can bakin kogi, ɗan mai gonar lemo. Ubansa irin mutanen nan ne da ba sa zubar da ko guntun waya. In ƙusa ta lanƙwashe sai ya miƙe ta da guduma ya jefa a gwangwani. Lyndon ya gaji hannun uban wajen gyaran famfo, ya kuma gaji maƙonsa. Ya karanta injiniyan lantarki a Adelaide, ya yi shekara goma sha biyu a kamfanin tarho, ya auri wata malamar asibiti mai suna Glenys. A 1994 shi da abokinsa Murray Teakle suka kama hayar wata rumfar kwano a Thebarton suka buɗe nasu kamfanin.

Abin da suke ƙerawa akwati ne da bai fi burodi girma ba, da farantin hasken rana a kansa. Ana kafa shi a gindin tankin ruwa a gandun shanu na arewa, inda daga wannan rijiya zuwa waccan sai a yi awa guda a mota. Akwatin ya duba ruwa, in ya yi ƙasa ya tada famfo, in ya cika ya kashe, ya kuma aika saƙo ta rediyo zuwa gidan mai gandu. Murray ne mai baki, shi ke yawon baje koli yana shan giya da makiyaya. Lyndon shi ya rubuta manhajar da ke cikin akwatin, tun daga zuciyarta, wadda ke raba wa kowane aiki lokacinsa da wurinsa.

Ƙwaƙwalwar akwatin 'yar mitsitsiya ce, kuma aiki ɗaya take iya yi a lokaci guda. Tana cikin aiki sai wani abin gaggawa ya katse mata hanzari: famfo ya tashi, ko mitar ruwa ta buga, ko saƙo ya shigo. Dole ta ajiye abin da ke hannunta a wani ɗan wuri da aka keɓe, ta sallami mai gaggawar, ta dawo ta ɗauki kayanta ta ci gaba. Wannan wurin ajiyar masu sana'a suna ce masa sitak. In wani ya zo ya katse wanda ya katse, kaya sai su hau kan kaya. Girman wurin kuwa mutum ne ke yanke shi da lamba ɗaya a layi ɗaya. In ya yi yawa an tauye sauran ayyuka. In ya yi kaɗan kaya su malala cikin na maƙwabta, na'ura ta rikice ba ta faɗi dalili ba.

Lyndon ya yanka bayit ɗari biyu da hamsin da shida, bayit kuwa shi ne mudun da ake auna wuri da shi a ƙwaƙwalwar na'ura. Ba canka ya yi ba. Kwana uku ya yi da fensir da takarda yana bin kowace hanya da katsewa za ta iya bi, yana tara abin da kowacce za ta ajiye, har ya sami mafi muni: ɗari biyu da takwas. Ya bar arba'in da takwas rara. Takardar ya sa ta a leda ya ajiye a aljihun tebur. An sake fasalin akwatin sau huɗu, ma'aikata sun ƙaru sun kai goma sha ɗaya, lambar tana nan inda ya bar ta. In sabon ma'aikaci ya yi tambaya a kai sai Murray ya ce, "Wannan gonar Lyn ce, kada ka tsallake shinge." Lyndon ya yi kamar bai ji ba, alhali kunnuwansa har ja suke yi don daɗi.

A ƙarshen 2017 aka rufe masana'antar motoci ta unguwar Elizabeth, injiniyoyi suka watsu cikin gari neman aiki. Murray ya dawo da ɗaya daga cikinsu, Despina Karvelis, gajeriyar mace mai shekara arba'in da shida da dariya mai ƙarfi. Shekara goma sha tara ta yi tana rubuta manhajar da ke sarrafa injin mota. Ranar da ta fara aiki ta zo da faranti cike da gashin alayyafo da cuku na hannun mahaifiyarta. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya kowa a rumfar ya san sunan 'ya'yanta biyu da na karenta. Lyndon ya shekara ashirin da uku a wurin, akwai waɗanda ba su san yana da 'ya a Darwin ba.

Murray ya damƙa mata aikin sabon rediyo, wanda zai kai saƙo nesa fiye da tsohon. Ya kuma ba ta teburin bakin taga. Teburin nan an yi wa Lyndon tayinsa sau biyu ya ƙi, wai haske na damun idonsa. Ranar da ya ga ta jera hotunanta a kai sai ya ji ashe duk rumfar babu wurin da yake so irin wannan.

Amma abin da ya fi tsaya masa a wuya kalma uku ce. Tun da aka kafa kamfanin, in magana ta cuɗe a taro, Murray kan juya ya ce, "Lyn, me ka gani?" Yanzu sai ya juya ɗaya ɓangaren: "Des, me kika gani?" Ita kuwa ta faɗi abin da ta gani, a taƙaice, yawanci daidai, wani lokaci ma abin da Lyndon ke shirin faɗa ne, sai dai shi yana tauna shi tukuna.

Glenys ba ta bukaci a gaya mata ba. Wata rana suna cin abincin yamma ta ce, "Yau sau nawa ya kira sunanta?"

"Wa?"

"Kada ka raina mini hankali, tsoho. Sau nawa?"

"Ni ba ƙirgawa nake yi ba."

Ta ci gaba da yanka namanta.

"Bakwai," in ji shi.

Ta yi dariya har ta ajiye wuƙa. "Shekararka hamsin da tara, Lyndon. Ka ci dankalinka."

Wata Juma'a ana shan shayin safe, kowa da kofinsa a tsaye, Despina ta ce, "Lyndon, wa ya yanke ɗari biyu da hamsin da shidan nan?"

"Ni."

"Ka taɓa shafa masa fenti ka gani?"

Fentin da take nufi dabara ce sananniya. A cika wurin ajiyar da wata alama guda kafin na'ura ta fara aiki, a bar ta ta yi ta yi, sannan a leƙa a ga iyakar inda kaya suka goge alamar. Lyndon ya san dabarar sarai.

Ya ce, "Ni da lissafi nake aiki, ba da fenti ba. Nan ba mota ba ce, Despina. Ku can kun saba, in wuri ya cika ku ƙara wani. Mu nan kowane bayit na san sunansa da na ubansa."

"To, Farfesa, a yi haƙuri," ta ce tana dariya, ta miƙa masa farantin biskit.

Kowa ya yi dariya, har Murray. Sunan ya bi shi daga ranar. Ba da mugunta suke kiransa ba, amma duk lokacin da ya ji sai ya tuna bakin da ya fito.

Bayan wata biyu ta aiko masa da wasiƙa ta kwamfuta. Ta ce ɓangaren da zai riƙa amsa kiran sabon rediyo yana ajiye bayit tis'in da shida duk lokacin da ya shigo, ko zai duba ya ga wurin zai ɗauka? Tambaya ce mai kyau, cikin ladabi. Sai dai ta sa sunan Murray a cikin masu karɓa. Lyndon ya daɗe yana kallon sunan nan. A ganinsa so take ta nuna wa mai gida ita ce mai lura. Aljihun teburin da takardar lissafin take ciki yana daidai gwiwarsa, bai ja shi ba. Ya rubuta kalma biyu, "Ya isa," ya aika.

Sabbin akwatuna arba'in na farko suka tafi gandun wata mata mai suna Rhonda Cussen, arewa da Marree. Duk lokacin sanyi suka yi aiki lafiya lau. Murray ya sa hoton Despina riƙe da akwatin a takardar tallan kamfani. Lyndon ya tarar da tarin takardun a bakin ƙofa, ya juya ta sama ya kife.

Sai ga Janairu na 2019, tsakiyar bazara a ƙasar, zafi ya kai awo arba'in da bakwai a arewa. Wata Alhamis Rhonda ta bugo waya, Murray ya buɗe lasifikar wayar kowa ya ji.

"Murray, akwatinka ya ce mini tanki na goma sha bakwai a cike yake, kwana uku yana faɗa. Na je na tarar da shi a bushe ƙarƙaf, shanuna goma sha ɗaya a kwance a gindinsa. Ka faɗa mini wanda zan zaga a cikinku."

Aka kashe wayar. Murray ya shafa sanƙonsa ya ce wa ke da magana.

Lyndon ya ce, "Ni dai abin da na sani, akwatunan da ke da tsohon rediyo, fiye da dubu uku, babu wanda ya taɓa ko tari."

Bai kalli kowa ba da ya faɗa. Gaskiya ce kuma. Amma ya ga yadda fuskar Despina ta sauya, ya ga Murray ya kalle ta ya kau da kai. A hanyar gida ya tsaya ya sayi gashin nama da kwalin kofi mai sanyi, ya cinye a cikin mota. Rabon da abinci ya yi masa daɗi haka an fi shekara. Ya san bai kamata ba, shanu goma sha ɗaya ba wasa ba ne. Daɗin dai bai tafi ba.

Ranar Asabar da rana ya shiga rumfarsa ta bayan gida da akwati guda. Hujja yake nema, wadda zai ajiye a gaban Murray ranar Litinin ya ce ga inda rediyon ke ɓarna. Ya haɗa wayoyi yadda famfo da mita da rediyo za su riƙa bugawa ba ƙaƙƙautawa, kamar yadda suke yi in zafi ya tsananta shanu suna ta sha. Da yake babu mai ganinsa, ya faɗaɗa wurin ajiyar na ɗan lokaci ya shafa masa fenti. Ya fita ya ba tumatirinsa ruwa. Bayan minti arba'in ya dawo ya leƙa.

An goge alamar har bayit ɗari biyu da tamanin.

Ya sake gwadawa, ya sake. Ɗari biyu da tamanin. In su ukun suka zo a kan juna, abin da ba ya faruwa sai a rana mai tsananin zafi, kaya kan zarce shingensa da ashirin da huɗu. Bai ma bukaci duba abin da ke zaune a bayan shingen ba, don shi ya zaunar da shi can da hannunsa: alamar da ke cewa tanki ya cika ko bai cika ba. Rediyon Despina ba shi da aibi. Abin da ta ce zai ajiye shi yake ajiyewa, ba ƙari.

Ya zauna a kan tsohon bokiti har Glenys ta leƙo ta ce ko lafiya. Ya ce lafiya.

Gyaran layi ɗaya ne. Ya tsara a ransa zai saka shi a cikin sabuntawar watan Fabrairu, tare da wasu ƙananan gyare-gyare, ba wanda zai lura. Matsala ta ɓace, a ce rediyo ne ya daidaita. Kafin nan kuwa ai Rhonda ta san kada ta yarda da akwatunan, tana zagayawa da mota. Haka ya gaya wa kansa, ya kuma kusan yarda.

Litinin ya tarar da Despina a teburinta, ido ya yi ja, ta kwana biyu tana warware aikinta layi-layi. Ba faranti, ba dariya. Ya ji Murray yana ce mata, "Des, ban gane ba, kin ce mini kin gwada komai." Ta ce ta gwada. Maganar ta zo wa Lyndon har baki. Sai ga Murray ya tsaya a bayansa ya dafa kafaɗarsa.

"Lyn, kai me ka gani?"

Fiye da shekara bai ji wannan ba. Ya ce yana dubawa, a ba shi lokaci. Litinin ta wuce, Talata ma haka.

Talata da la'asar Rhonda ta sake bugowa. Tanki na talatin da ɗaya ya bushe kafin mijinta ya kai can, 'yan maruƙa biyu sun mutu. Wannan karon ba ta yi faɗa ba, muryarta ta gaji. Murray ya ajiye waya ya ce, "Ku biyu, gobe da asuba, ku ɗauki motar kamfani. Kada ku dawo sai kun gano."

Tafiyar yini ce cur. Despina ta tuƙa har Port Augusta, suka sha mai, Lyndon ya karɓi tuƙin. Sun wuce Hawker kafin ta yi magana mai tsawo.

"In ya tabbata rediyona ne, zan ajiye aikin. Gara Murray ya rasa ni da ya rasa arewa gaba ɗaya."

"Ba ta kai can ba."

"Ta kai. An taɓa tara mu a fili an ce mana aiki ya ƙare, na san yadda ake tattara hotuna a kwali." Ta juya tana kallon duwatsu. "Ka san na karanta manhajar nan taka sau uku a satin nan? Ina neman inda zan ɗora maka laifi, in gaya maka gaskiya. Ban taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba, Farfesa. Har haushi ya ba ni. Na ce ni da zan iya rubuta irinsa da ban damu da komai ba."

Lyndon ya ƙara riƙe sitiyari. Shekara guda yana jiran wani ya faɗi haka, sai ga shi daga bakin da bai so ba. Kuma dubi yadda ta faɗa, a sauƙaƙe, kamar mai ba da labarin ruwan sama. Shi ko za a yanka shi ba zai iya buɗe baki ya ce aikinta ya burge shi ba, alhali ya burge shi tun watan farko. Ya ce mata akwai rami a gaba, ta riƙe kofinta.

Alhamis da safe Rhonda ta kai su tanki na goma sha bakwai ta wuce duba na gaba. An ja gawarwakin shanun nesa, amma iska tana kawo warin. Ƙasa a gindin tankin duk ta dagargaje da sawun kofato, har kwanon shan ya lotsa inda suka yi ta tura shi da kai. Lyndon ya tsaya yana kallon lotsawar nan. Ƙudaje suka cika masa fuska bai kore su ba.

Despina ta tsuguna a inuwar tanki, ta buɗe akwatin, ta jona kwamfutarta.

"Ka yi haƙuri, Lyndon, na san gonarka ce. Amma na duba ko'ina, nan kaɗai ya rage. Zan shafa fentin."

"Ɗari biyu da tamanin za ki gani."

Ta ɗago. "Me?"

"Ya zarce da ashirin da huɗu. In famfo da mita da rediyo suka haɗu. Yana taka alamar cikar tanki."

Ta cire tabaranta a hankali. "Tun yaushe ka sani?"

"Asabar."

"Asabar." Ta miƙe tsaye. "Asabar ɗin da ta wuce? Kana kallona Litinin, kana kallona Talata? Jiya ina ce maka zan ajiye aiki kana ce mini in riƙe kofi?"

Ya mai da idonsa kan kwanon da ya lotsa.

"Kai, Lyndon! Ni ka bar ni, ni babba ce, zan warke. 'Yan maruƙan Talata fa? Me suka yi maka?"

"Ba su yi komai ba."

"To me na yi maka ni? Faɗa mini, don na rantse ban sani ba."

Ya nemi amsa ya rasa wadda ba za ta ba da dariya ba. Tebur ne zai ce, ko biskit, ko hoto a takardar talla? Daga ƙarshe ya ce, "Kin sa sunan Murray a wasiƙar."

Ta kalle shi baki buɗe. "Kowace wasiƙa ina sa sunan mai gida! Haka aka koya mana a masana'anta, in ba ka sa ba a yi maka faɗa!" Ta juya ta tafi bayan tankin. Ya ji tana zagi da harshen mahaifiyarta, ta ɗauki lokaci tana yi.

Da ta dawo ta zauna ta jawo kwamfutar. "Dubu da ashirin da huɗu zan sa."

"Babu wurin. In kika ɗauki wannan, ma'ajin saƙonni zai ƙuntata, ki gyara nan ki ɓata can."

"To nawa?"

"Ɗari biyar da goma sha biyu. Akwai wani tsohon jadawali na famfon dizal, babu mai amfani da shi tun 2009. In aka cire shi an sami ɗari biyu da hamsin da shida cif."

"Ina yake?"

Ya faɗa mata layin da ka, bai duba ba. Ta nemo, ga shi kuwa. Ta yi tsaki, ta ce, "Ka gani? Abin da ke ba ni haushi da kai ke nan."

Ta kafa sharaɗi ɗaya: fentin zai zauna dindindin, akwatin ya riƙa leƙa shi da kansa, in kaya suka kusa shinge ya aika saƙo gida. Lyndon ya ce wannan zai ci bayit goma sha shida. Ta ɗago ta kalle shi kawai. Ya ce a sa.

Kwana uku suka yi suna bin tankuna arba'in ɗaya bayan ɗaya. Shi ya kwance murfi ya riƙe lema, ita ta ɗora gyaran. Ba ta yi masa magana ba sai ta aiki.

Yammacin da suka gama Rhonda ta gasa musu naman sa a baranda. Ta zuba wa kowa shayi ta ce, "To, yanzu ku gaya mini. Laifin wa?"

Lyndon ya ajiye cokali. Despina ta riga shi.

"Namu ne mu biyu. Na ƙara kaya, ba a ƙara wurin ajiyewa ba. Yanzu an ƙara, kuma akwatin zai yi ihu kafin ya sake cika."

Rhonda ta gyaɗa kai, ta nuna Despina da wuƙa ta ce wa Lyndon, "Ku riƙe matar nan da kyau. Tun da nake sayen kayanku ban ga wanda ya yi mini bayani na gane ba sai ita."

Ya ce za su riƙe ta. Ya ture farantinsa gefe. Despina ta rufa masa asiri a gaban baƙuwa, ba ta ko kalle shi ba balle ya gode, kuma maimakon sanyi sai ya ji wani sabon ƙyashi ya taso masa, wanda ya fi na da ɗaci. Ta fi shi baki, ta fi shi jama'a, yanzu ga shi ta fi shi hali.

Wannan ne ya kai shi ofishin Murray ranar da suka dawo, tun kafin ya ajiye jaka. Daga baya Glenys ta ce gaskiya ce ta kai shi. Shi ya san akwai gaskiyar a ciki, amma mafi yawa ba zai iya zama a ƙarƙashin alfarmar Despina ba ne. Ya rufe ƙofa ya faɗi komai, har gashin naman da ya ci a mota.

Murray ya daɗe yana juya biro. "Lambar ba ta dame ni ba, Lyn. Kowa na kuskuren lamba. Asabar ɗin ce." Ya numfasa. "Shekara nawa muna tare? Da ka bugo mini ina kan kujerar wanzami ma da na taso."

"Na sani."

"Des ba ta gaya mini ba, ka sani?"

"Shi ma na sani."

A watan Maris Murray ya naɗa Despina shugabar sashen manhaja, muƙamin da bai taɓa wanzuwa ba, don a da sashen Lyndon ne kaɗai. Ta kafa doka: babu layin da zai fita sai mutum biyu sun duba, har na zuciyar manhajar. Lyndon ya rubuta wa Rhonda wasiƙa da hannu ya faɗa mata 'yan maruƙan Talata a wuyansa suke. Bayan wata guda amsa ta zo a bayan katin hoton jirgin ƙasa: ta samu, ta gode, gaba in ya san abu ya buɗe baki.

Ya ƙara shekara biyu a ƙarƙashin Despina. Ba su zama aminai ba. Suna gaisawa, suna gardama a kan bayit, wani lokaci ta yi nasara, wani lokaci shi. Mahaifiyarta ta rasu a shekara ta biyu, ya je coci ya tsaya a baya cikin kwat ɗin aurensa da ta matse shi, bai fahimci kalma ɗaya a addu'ar ba. Da aka fito ta riƙe hannunsa ta ce, "Ka zo, Farfesa." Ya ce Glenys ce ta ce ya zo. Ba Glenys ba ce.

Yanzu suna zaune a Goolwa, shi da Glenys, a wani ƙaramin gida kusa da bakin ruwa. Shi ke kula da famfon ban ruwan filin wasan tsofaffi na unguwa, ba a biyansa, ba ya kuma barin kowa ya taɓa. Kamfanin ya bar Thebarton ya koma babban gini, ma'aikata sun haura talatin, yawancinsu ba su san fuskarsa ba.

Duk bayan wata uku Despina kan aiko masa da sabon aikin da ta yi a zuciyar manhajar, ta ce ya duba mata in yana da lokaci. Yakan bar saƙon ya kwana biyu kafin ya amsa, kada ta ɗauka jira yake. Sannan ya buga shi a takarda, ya share teburin cin abinci, ya fere fensir. Na watan Afrilun da ya wuce kwana tara ya yi a kansa, Glenys tana cin abinci a kan cinya. Ya bi kowace hanya, ya tara kowane bayit, bai sami komai ba. A rana ta tara ya ga ta rubuta wata kalma ba daidai ba a cikin bayanin gefe, harafi ɗaya ya faɗi.

Glenys ta ce, "Kada ka kuskura ka aika wannan."

Ya aika.